Kwalabe Takwas da Suka Rasa Nauyi

Baba Famasi ya ɗora kwalba mai lamba uku a kan sikeli, ya dubi allon, ya sauke ta. Ya goge farantin da gefen farar rigarsa, ya sake ɗorawa. Ta ragu da giram goma sha biyar.

Ba wanda ya taɓa sa shi wannan aikin. Shi dai haka yake, duk ranar Litinin da safe, kafin ya miƙa wa kowa magani, sai ya auna kwalaben cikin firji ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikata har tsokanarsa suke yi, wai wata rana ruwan shansa ma sai ya ɗora a sikeli. To yau ga amfanin tsantseninsa. Cikin kwalabe arba'in, takwas sun yi sauƙi. Da ya ɗaga su a hasken taga sai ya ga ɗan hudar allura a robar murfin kowacce. An zuƙe kusan kwata, an cika da ruwa.

Ya jera su a tebur, ya karanta lambobin: uku, tara, sha huɗu, sha bakwai, ashirin da biyu, ashirin da takwas, talatin da ɗaya, talatin da takwas. Daidai lokacin Dakta ta shigo, Sista na biye da ita.

"Innalillahi," in ji shi. "Dakta, ai na gaske aka bi aka tsinta."

Ya toshe bakinsa da hannu, amma ina, maganar ta riga ta fita. Baki shi ke yanka wuya, domin a duk cibiyar nan mutum ɗaya ne ya san na gaske da na bogi, shi ne kuwa wanda ya yi maganar.

Ƙarfe goma saura Sufeto Tsinke ya iso. Sunan ya bi jikinsa, dogo ne siriri, kullum kamar iska za ta ɗauke shi, ga saurin magana kamar ana korarsa. In ya ji ƙanshin shari'a mai ɗaure kai, murna yake yi ƙiri-ƙiri, ba ya ma iya ɓoyewa.

Dakta ce ta kira 'yan sanda, ita ce kuma shugabar binciken maganin da ake yi a cibiyar. Ta zaunar da shi a ofishinta, idanunta jajur.

"Yi min bayani kamar ban taɓa shiga aji ba," in ji Sufeto.

"Shekara uku muna aiki a kan wata saiwa," ta ce. "Muna so mu gani ko ruwan da muke tatowa daga cikinta zai rage kumburi da ciwon amosanin gaɓɓai. Mutum arba'in muke gwadawa. Rabi suna shan na gaske, rabi suna shan na bogi, wanda launinsa da kaurinsa da ɗacinsa duk iri ɗaya ne, amma ba magani a ciki. Kowa da lambarsa, kowa da kwalbarsa."

"Me ya sa za ku ba mara lafiya na bogi?"

"Saboda mutum in ya yarda an ba shi magani, wani lokaci sai ya ji sauƙi ko da ruwa ne. Dole mu raba aikin saiwa da aikin zuciya. Shi ya sa ni ban san wa ke shan wanne ba, Sista ba ta sani ba, majinyatan ma ba su sani ba. In na sani, gwajin ya lalace."

"Wa ya sani?"

"Baba Famasi. Shi ya haɗa, shi ya raba lambobi, takardar tana cikin akwatin ƙarfe, makullin yana wuyansa." Ta tura wata wasiƙa gabansa. "Makon jiya wani wakilin kamfani ya zo yana son ko cokali ɗaya ne mu sayar masa. Na kore shi. An gan shi a bakin ƙofa yana hira da Baba. Wannan takardar ƙarar Baba ce zuwa hukumar lasisi, ƙarfe huɗu za ta tafi. Shekara talatin da ɗaya yana aikin nan, saura wata biyu ya yi ritaya, wallahi ba da son raina na sa mata hannu ba. Amma me zan yi?"

"Ki ajiye ta zuwa huɗun," in ji Sufeto, ya miƙe har kujera na faɗuwa. "Ke kanki kina da makullin firji?"

"Ina da shi. Ni da Baba. Sista kuma takan karɓa in majinyaci ya makara."

"In ke ce ke son saiwar nan?"

Ta yi murmushin takaici. "Ina da lita biyu na tsantsarta a ɗakin gwajina. Me zai kai ni satar cokali-cokali?"

Sufeto ya ja layi a kan sunanta a littafinsa.

An zaunar da Baba Famasi a ɗakin ajiya, kurtu a bakin ƙofa. Dattijon ya haɗa gwiwoyinsa ya ɗora hannuwa a kai kamar mai jiran hoto.

"Baba, me wakilin kamfani ya ce maka?"

"Ya ce in taimaka masa. Na ce ya taimaki kansa ya nemi hanyar fita."

"Ba ni takardar lambobin."

"A'a."

"Ka san ankwa ce a aljihuna?"

"Na sani, ɗana. Amma in takardar nan ta shiga fayil ɗinku, gobe tana hannun lauya, jibi kowa ya gani. Wahalar mutum arba'in ta tashi a banza ke nan. Gara ka tafi da ni."

Sufeto ya tsaya yana kallonsa. Ya sha ganin masu laifi suna kuka, suna rantsuwa da iyayensu, amma bai taɓa ganin wanda ake miƙa wa igiyar fita daga rijiya yana cewa a bari kada igiyar ta jiƙe ba. Abin ya burge shi, ya kuma ba shi haushi.

Wakilin kamfanin bai ci masa minti goma ba. Waya ɗaya ya buga, aka tabbatar mutumin ya bar garin tun ranar Laraba, kwalaben nan kuwa ranar Alhamis aka haɗa su. Kuma mai son kai samfur wa kamfani kwalba ɗaya zai sunkuce ya gudu, ba zai zauna yana zuƙa yana cikawa kamar mai yi wa jariri madara ba.

Sai Inna Mai Saiwa. Ita ce tsohuwar da ta fara nuna wa Dakta itacen, kuma duk cibiyar an san ta yi rigima kan na bogi. Ya same ta a bayan gini tana shanya ɓawo a tabarma.

"Inna, an ce kin ce zalunci ne a ba mara lafiya abin da ba magani ba."

"Na faɗa, yanzu ma na sake faɗa. In kama ni za ka yi kan wannan, miƙo hannu."

"Za ki iya bambanta na gaske da na bogi?"

Tsohuwa ta ja tsaki. "Kada ka tuna min. Wancan dattijon ya jera min kofi shida ya ce in zaɓa. Shekara hamsin ina haƙar saiwar nan, na sansana, na lasa, na zaɓi uku, biyu duk bogi. Har yau ban yafe masa ba." Ta nuna tabarmar da haɓa. "Kuma ni da itacen ke bayan ɗakina, in je in saci ruwansa a kwalba? Kai yaro, ana kai wa kogi ruwa?"

Ya yi dariya, ya ja layi na uku.

Ƙarfe ɗaya ta wuce, bai samu komai ba sai mutanen da ba su yi ba. Sista ta amsa tambayoyinsa a tsaye, a taƙaice. Aikinta auna gwiwa da tef, da ƙirga daƙiƙun da majinyaci ke yi kafin ya tashi daga kujera ya taka zuwa bango, ta rubuta a littafinta. Ba ta san lambobin sirri ba, ba ta taɓa ganin takardar ba. Da ya ambaci Baba Famasi sai ta sunkuyar da kai.

"Shi ya samo min aikin nan," ta ce. "Uba ne a wurina."

Sufeto ya fito baranda ya zauna a benci cikin majinyata, don a nan ne kawai iska ke kaɗawa. An ce musu su jira, yau magani zai makara. Kowa da katinsa a hannu. Wasu sun yi jugum, sanduna a tsakanin ƙafafu. Wani tela kuwa, gajere mai tumbi, ya hana kowa sakat.

"Ranka ya daɗe, dubi nan," ya ce, ya durƙusa ya miƙe, ya sake durƙusawa. "Wata biyu da suka wuce matata ke taka min keke. Yanzu sandata na bayar da ita kyauta. Wannan magani, a rubuta sunana, ni ne shaida."

"Kai dai ka cika mu da baki," in ji wata mata da ke gefe. "Ni kam kamar ruwan famfo nake sha."

Sufeto yana dariya idonsa ya sauka a katin telan. Lamba sha bakwai. Dariyar ta tsaya. Ya zaro littafinsa ya duba.

"Hajiya, ke lamba nawa?"

"Shida."

Babu shida a jerin. Ya miƙe tsaye. "Wa da wa ke jin sauƙi sosai a nan? Ku ɗaga kati."

Hannu huɗu suka tashi bayan na tela. Tara. Ashirin da biyu. Talatin da ɗaya. Uku.

Kai, ka ga Sufeto Tsinke a lokacin nan, sai ka ce an yi masa albishir da haihuwa. Ya rungumi telan, ya sake shi, ya kwasa da gudu zuwa ɗakin ajiya, ya ce wa kurtu ya koma can ƙarshen baranda. Ya rufe ƙofa.

"Baba, ba na son takardarka. Tambaya ɗaya. Takwas ɗin nan, duka na gaske ne?"

Dattijon ya dubi littafin da ke hannun Sufeto.

"Ba zan rubuta ba. Ga littafin, riƙe."

"Bakwai," in ji Baba Famasi a hankali. "Ɗaya na bogi ne."

"Kuma tun safe ka zauna da wannan a ciki?"

"To me zai canza? Bakwai cikin takwas ai ya isa a rataye ni."

"Haba Baba, wannan ɗayar ita ce belinka. Wace lamba ce? A kunnena, daga ni sai kabarina."

Dattijon ya matso ya raɗa masa: "Sha bakwai."

Ta taga suna hango tela yana tsalle da ƙafa ɗaya yana nuna wa masu shara. Sufeto ya cusa hularsa a baki don kada dariyar ta fita waje, hawaye har gemu. Baba Famasi ma, duk da halin da yake ciki, sai da kafaɗunsa suka girgiza.

Ƙarfe uku da rabi ya tara su a ofishin Dakta: ita, da Baba Famasi, da Sista. Ya ce Sista ta zo da littafin awonta. Wasiƙar hukuma tana nan a tebur inda aka bar ta.

"Dakta, zan faɗi abu ɗaya daga sirrin ku, ba zan faɗi lamba ba," ya fara, yana kai da kawowa don zama ya gagare shi. "Cikin kwalabe takwas da aka huda, ɗaya ta bogi ce. Wanda takardar ke hannunsa zai ɓata sirinjinsa a kan ruwan bogi?"

"Zai iya yi da gangan don ya ɓad da sawu," in ji Dakta.

"Mai son ɓad da sawu ba zai ɗora kwalba a sikelin da ba wanda ya sa shi ba, sannan ya gaya miki da bakinsa. Da ya yi shiru, har a gama gwajin nan ba mai ganewa. Saboda haka ɓarawon bai san takarda ba. Amma ya ci bakwai cikin takwas, wannan kuwa ya fi ƙarfin sa'a. To ta ina ya sani? Inna ta gwada da hanci da harshe ta kasa. Saura hanya ɗaya, ka dubi mutanen da ke sha. Wanda ya warware, ka ce kwalbarsa ce ta gaske. Hanya ce mai kyau, sai dai tana da rami guda, wanda ke da kanki kika gaya min da safe: akwai mai jin sauƙi ko da ruwa aka ba shi. Ɓarawonmu ya faɗa ramin nan sau ɗaya."

Ya miƙa hannu. Sista ta ba shi littafin, yatsunta sun ƙi sakinsa sai da ya ja.

"Baba ba ya ganin majinyata, yana bayan taga yana miƙo kwalba. Dakta ba ta buɗe littafin nan sai ƙarshen gwaji. Haka ne?"

"Haka ne," in ji Dakta.

Ya buɗe shafin makon jiya, ya bi da yatsa. "Bari mu ga su wa kumburinsu ya fi sauka. Uku. Tara. Sha huɗu." Yana faɗa yana taɓa kwalaben da ke jere a tebur. "Sha bakwai. Ashirin da biyu. Ashirin da takwas. Talatin da ɗaya. Talatin da takwas. Takwas na sama, ba ragi ba ƙari. Ga ma ɗigon jan biro a gefen kowanne. Sista, an gaya min ranar Juma'a da rana kin karɓi makullin firji don majinyacin da ya makara. Minti nawa kika yi a ciki?"

Ba ta yi musu ba. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

"Mama ce," ta ce. "Shekara biyu ba ta taka ƙofar gida ba. Ni ke ɗaga ta, ni ke kai ta bayi. Na kawo ta a sa ta a gwajin, aka ce dangin ma'aikaci ba ya shiga, kuma ƙodarta ba ta da ƙarfi. Kullum ina durƙushe ina auna gwiwar iyayen wasu, ina ganin tef yana raguwa, in koma gida in tarar da tawa tana kuka. Na ce waɗanda suka samu sauƙi, in an rage musu kaɗan ba za su ji ba."

"Kin rage wa mutum takwas maganinsu ba da saninsu ba," in ji Sufeto. "Kin kusa rushe aikin shekara uku."

Dakta ba ta ma ji shi ba. Ta dafe tebur da hannu biyu, tana duban littafin kamar yau ta fara ganin rubutu. "Bakwai cikin takwas," ta ce. "Da tef kawai, ba takarda." Sai ta kama kanta, ta rufe littafin da ƙarfi. "A'a. Mutum takwas ba hujja ba ne. Bai kamata ma in ji wannan ba. Dole in rubuta wa kwamiti komai, su za su ce a ci gaba ko a sake daga farko." Amma fuskarta ta ƙi bin bakinta, murna da fushi suna kokawa a kai, abin dariya abin tausayi.

Ta ɗauki wasiƙar hukuma ta yayyaga, ta zagayo ta durƙusa gaban dattijon. "Baba, ka yafe min. Na yi maka mummunan zato."

"Ke aikinki kika yi," ya ce. "Da ni ne a kujerarki, da abin da zan yi ke nan. Tashi."

Sannan ya juya ga Sista. Tun da aka fara bai dube ta ba sai yanzu.

"Cokali nawa kike ba ta?"

"Biyu safe, biyu yamma."

"Ninki biyu ke nan. Ga mai ciwon ƙoda. Tana shan maganin hawan jininta?"

"Tana sha."

"Ƙafarta ta kumbura? Fitsari ya ragu?"

"Ban lura ba, Baba. Jiya da kanta ta taka har tsakar gida, murna ta hana ni duba komai."

"Sufeto, a ba da mota a ɗauko matar nan yanzu a auna jininta, kafin a yi maganar ofishinku. A zo da sauran abin da ke kwalbar." Sufeto ya leƙa ya ba kurtu umarni, sai ga ƙarar takalmi a baranda.

Sista ta rarrafo ta kama gefen rigar dattijon. "Baba, wallahi ban yi nufin ya faɗa kanka ba."

"Na yarda," in ji shi. "Satar ma na gane ta. Uwa ce, da kin zo kin gaya min, da na hana ki, da mun zauna mun nemi wata hanyar. Amma tun ƙarfe takwas kina tsaye. Kina kallo aka kira 'yan sanda. Kina kallo aka sa min kurtu a ƙofa kamar ɓarawon akuya, majinyata suna leƙe. Sau biyu kika wuce ta gaban ɗakin nan, ina jin takunki, ina cewa yanzu 'yata za ta shigo ta tambaye ni ko na sha ruwa." Ya dubi agogon bango. "Saura minti goma takardar nan ta tafi. Da Sufeto bai zauna a benci ba, da kin bari ta tafi?"

Ta buɗe baki. Duk ɗakin aka jira, har Sufeto da bai iya jira ba. Sai ta rufe bakin, ta kifa kai a gwiwa.

Baba Famasi ya zare rigarsa daga hannunta a hankali, ya miƙe.

"Zan tsaya a kan gwajin mahaifiyarki har sakamako ya fito," ya ce. "In an kira ni shaida zan faɗi dalilinki yadda kika faɗa, ba zan rage ba. Amma daga yau ki kira ni Famasi kawai."